Inda Hasibe Ta Ɓoye Albasarta

Hasibe ba ta taɓa cewa mutanen ƙauyenmu ɓarayi ba ne. Abin da takan ce kawai shi ne, har yanzu ba a gwada su duka ba.

Daga ƙauyen bayan dutse aka kawo mana ita amarya, gidan Rasim mai kiwon zuma. Tsofaffin da suka ga bikin sun ce ana yi mata waƙa, uwar ango na share hawaye, ita kuwa ta ƙarƙashin jan mayafi idonta na kan takalman da ta cire a bakin ƙofa. Ba wanda ya taɓa takalman. Daga baya ta ce ai don tana kallo ne.

A nan duwatsun Toros gona ba ta ba da alkama sai da rowa. Abin da muke da shi awaki ne, da zuma, sai kardelen, ɗan farin furen nan da ke huda dusar ƙanƙara ya fito tun sanyi bai gama tafiya ba, kansa a sunkuye kamar wanda aka kama da laifi. Furen ba shi da mai saye. Albasarsa da ke cikin ƙasa, wadda ba ta wuce kan babban yatsa ba, ita 'yan kasuwa ke zuwa ɗiba da mota a kai Holand, inda aka ce akwai masu sayenta su sake binne ta a lambu don kawai su kalli furen. Hasibe ba ta taɓa yarda da wannan labari ba.

"Magani suke yi da ita," in ji ta. "Ba sa so mu sani ne, kada mu ƙara kuɗi."

Idan watan Mayu ya kama, ganyen ya soma yin rawaya, ƙauye duka yakan hau dutse da fartanya da buhu. Ana tone manya, a tone ƙanana, a bar wuri fayau, shekara mai zuwa kuma a ƙara hawa sama ana mamakin inda albasa ta tafi. Hasibe ba ta bin ayari. Tana da nata wurin, wani lungu ƙarƙashin inuwar dutse inda ƙasa ke riƙe danshi, albasar wurin kuma ta ninka ta kowa girma. Surukarta, Inna Gulsum, ce ta nuna mata shi lokacin da gwiwa ta fara gaza mata. Ba ta nuna wa 'ya'yanta maza ba, don a cewarta bakin namiji a gidan shayi yake kwana. Ƙa'ida ɗaya ta ba ta: babba a buhu, ƙarama a mayar ƙasa a taka da ƙafa.

Hasibe ta riƙe ƙa'idar, ta kuma ƙara nata a kai. Idan za ta je wurin, sai ta fita da tulu kamar mai zuwa rafi. Wata rana ta fita da igiyar itace, ta bi hanyar da ba ita ba ce, ta zauna bayan wani dutse har ta tabbata ba a biyo ta ba, sannan ta juyo. An taɓa ganinta da takalman mijinta, don sawun ya ruɗe mai bi. Tafiyar da ba ta kai rabin safiya ba takan ci mata yini guda.

Rasim mutum ne mai sanyin hali, ƙudan zuma ma ba su cika harbinsa ba. Shi ma bai san wurin ba.

"Mata," yakan ce, "idan kika faɗi kika karye a can, ina za mu neme ki?"

"Ka damu da ƙafata ne, ko da abin da ke ƙarƙashinta?"

"Da ƙafar mana. Wa zai dafa min abinci?"

"To ka bar ta inda take."

Haka suka zauna shekara da shekaru, ita tana tuhuma, shi yana shan shayi, har ranar da ya kwanta ciwon ƙirji bai tashi ba. Aka kai shi maƙabartar da ke gangaren bayan masallaci, kusa da uwarsa. Amya ta koma hannun ƙaninsa Bekir, wanda ya sayar da ita kafin ƙudan su gane an yi musu rasuwa.

Ɗansu ɗaya, Nazmi, yana aiki a wani otal a Antalya, bakin teku. Bayan sadakar arba'in ya zaunar da ita.

"Inna, ki sauko wurinmu. Akwai ɗaki, ruwa na zuwa a famfo, babu sarar itace. Me ya rage miki a nan?"

"In je in zauna a bene kamar tantabara, matarka na auna min gishiri?"

"Ba wanda zai auna miki komai."

"Ji nan, yaro. Muddin albasata na ciyar da ni, ba na roƙon kowa, ba na barin gidan nan. Ranar da ta kasa, ka zo da mota, ba zan yi maka gardama ba."

Ta faɗa ne a gaban mutane, kuma Hasibe, duk da sauran halayenta, ba ta cin maganarta. Albasar ta ci gaba da ciyar da ita: gari, shayi, sukari, man fitila, har da sabon ɗankwali duk Sallah.

Sai wata shekara, farkon Mayu, ta hau duba ganye, ta tarar an tone gefe guda na wurin. Ƙasa a birkice, ganye a watse, ramuka nan da can. Ba a taɓa sauran ba. Ta daɗe a tsaye. Abin da ta ji a ranta ba baƙin ciki ba ne zalla. Akwai wani ɗan daɗi a ciki, irin na mutumin da ya shekara talatin yana cewa za a yi, yau kuma ga shi an yi.

Da Bekir ta fara. Mace ba ta shiga gidan shayi, don haka ta aika ya zo cin abinci, ta yanka masa kaza.

"Yenge," in ji shi, don haka muke kiran matar wa, "yau wace rana ce? Tun rasuwar Yaya ban leƙa tukunyarki ba."

"Miƙo hannu in zuba maka ruwa."

Ta zuba a hankali, tana duban farcensa ɗaya bayan ɗaya. Akwai datti, amma farcen Bekir bai taɓa rabuwa da datti ba, ba a iya kafa hujja da shi.

"Kana yawo da nisa kwanan nan?"

"Daga gida zuwa gidan shayi. In na ji ƙarfi, in dawo."

"Jar ƙasar nan ta takalminka fa? A gidan shayi aka shimfiɗa ta?"

"Ta bayan masallaci ce, inda ake gyaran bango. Yenge, in tuhuma ce ki bari in haɗiye cinyar nan tukuna, kada ta tsaya min a wuya."

"Wa ya ce tuhuma?"

"Kazar ce ta faɗa. To gaya min, ina ne wurin, don in san inda ban je ba?"

A nan Hasibe ta gane wahalar shari'arta. Ba ta iya kama kowa da sata ba tare da ta faɗi inda aka yi satar ba. Bekir ya cinye kazar, ya suɗe yatsu, ya yi wa mamatan gidan addu'a ya tafi.

Washegari maƙwabciyarta Zeliha ta leƙo ta kan katanga da kwanon miyar nono.

"Yaya Hasibe, kada ki sa wa ranki damuwa. Aladen daji ne. Bara haka suka tone min dankali."

"Wa ya ce miki an tone wani abu?"

"Haba, Bekir ya ba gidan shayi labari tun jiya, har da yadda kika duba masa farce."

"Kuma ke kika san alade ne. Kin gan shi?"

"Ina zan gan shi, ni da ban san wurin ba?"

"Haka kika ce."

Ta karɓi miyar, don ba a mayar da abincin maƙwabci, amma daga ranar ta sa Zeliha a sahun gaba. Makiyayin ƙauye ma da ta tare shi ya ce alade ne. Wannan ya ƙara tabbatar mata cewa an haɗa baki, don ba ta ga yadda mutum biyu za su faɗi magana ɗaya ba tare da sun zauna ba.

Abu ɗaya ya tabbata: an san wurin, kuma wanda ya tona gefe zai dawo ya tone tsakiya. Dole albasa ta tashi. Amma zuwa ina? A shekarun nan wasu mutane daga birni suna zagaya ƙauyuka suna cewa a daina tone dutse, kowa ya dasa a lambunsa ya bar ta ta hayayyafa. Da yawa sun karɓa. Hasibe ta saurare su har ƙarshe, sannan ta tambaya ko su ne za su zo gadi. Lambunta katangarsa ba ta wuce ƙugu ba, tagar Zeliha kuma a kansa take kallo. Ta zagaya ƙauyen a zuci, gida gida, gona gona, tana neman wuri guda da ba wanda zai ɗaga wa fartanya. Ta same shi ranar Alhamis, tana zuba ruwa a kan kabarin mijinta.

A wurinmu mata kan je maƙabarta ranar Alhamis da jajiberin Sallah, su zuba ruwa, su yi addu'a, wasu su dasa ɗan fure. Ba a cire komai daga can. Ko akuya ce ta shiga ta ci ciyawa, mai ita yakan kwana biyu bai sha nononta ba. Bekir kuwa, da rana tsaka ma ta ɗaya gefen hanya yake wucewa.

Ta fara jigila. Ta hau dutse ta tona, ta ƙulla albasar a haɓar zani, ta sauko, ta ɗauki tulu ta nufi maƙabarta. Takan durƙusa a gefen kabari kamar mai addu'a, yatsunta na aiki a ƙasa. Wannan karon ba ta bi ƙa'idar Inna Gulsum ba. Manya da ƙanana duk ta kwashe, har waɗanda ba su fi ƙwayar wake ba, don kada ɓarawon ya dawo ya sami ko na gani. Da kabarin Rasim ya cika, ta wuce na surukarta, ta bi da na surukinta. Da ɗan kasuwa ya zo a shekarar, ta ce masa ba ta da kaya. Ta sayar da akuya biyu ta yi cefanen sanyi. Nazmi ya tambaya, ta ce iri take tarawa, baɗi zai ga buhuna.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne bakin mutane. Mace ce da aka san ta da yi wa mijinta faɗa tun daga sallar asuba, ga ta yanzu kullum a gefen kabarinsa, kai a sunkuye, hannu na shafa ƙasa.

"Ashe haka take son shi," in ji Zeliha a bakin famfo, har da ƙwalla. "Mu da muke zaginta, Allah ya yafe mana."

Zawarawan ƙauye suka ji kunya. Waɗanda sai Sallah suke tunawa da mazajensu suka fara ɗaukar tulu. Hasibe ta ɗaga kai wata Alhamis ta ga mata birjik a maƙabarta, kowacce na zuba ruwa tana satar kallonta don ta ga yadda ake yi. Ta koma gida ta kasa cin abinci. A ganinta an riga an gano, gadi suke yi mata.

Sanyi ya zo ya rufe hanya kamar kullum. Da ƙanƙara ta fara saki, wata safiya sai ga kaburbura uku sun yi fari fat, ba da ƙanƙara ba, da fure, manya irin waɗanda ba wanda ya taɓa gani a ƙasa da kan dutse. Aka fito kallo. Har daga ƙauyen bayan dutse an zo. Limaminmu, saurayi ne ɗan Konya mai taushin murya, ya yi huɗubar Juma'a a kai. Ya ce duk ɗanyen tsiro tasbihi yake yi, kuma ana fata wanda ke kwance ƙarƙashinsa ya sami sauƙi da shi. Ya ce akwai wata baiwar Allah a garin nan da ta ɗauki abin da take ci da shi ta ba mamatanta. Bai faɗi suna ba. Bekir ya zo har gida ya sumbaci hannunta ya ɗora a goshi.

"Yenge, na ci kazarki ina gunaguni. Ki yafe ni."

Ta janye hannun ta duba, kamar za ta ga wani yatsa ya ɓace.

Ta jira Mayu. Ganye ya yi rawaya, an ji labarin motar ɗan kasuwa na ƙauyen ƙasa. Ta zaɓi Talata, ranar da ba ta ziyara ba, ta sa fartanya ƙarƙashin mayafi, ta naɗe buhu a ƙugu. Amma tun da Liman ya yi huɗuba matan suka daina duba rana. Ta tarar da Zeliha da wasu su uku, kowacce da tulunta. Ta tsaya jiran su tafi, su kuma suka tsaya jiran ta fara addu'a su ce amin. Da ta gaji ta zaro fartanya.

"Yaya Hasibe!" in ji Zeliha. "Me za ki yi?"

"Ciyawa zan cire."

"Da buhu?"

Ɗaya daga cikin matan ta riga ta ruga masallaci. Liman ya iso yana gyara hula, Bekir na biye da shi da kofin shayi a hannu, ya tsaya daga bakin ƙofa don nan ne iyakar jarumtarsa.

"Inna Hasibe," in ji Liman, "lafiya da fartanya?"

Ta dube su duka. A rayuwarta ba ta taɓa faɗin gaskiyar albasarta ga kowa ba, da ta zo faɗa sai ta fito a dunƙule.

"Malam, kayana ne. Ajiya na ba shi."

"Wa?"

"Rasim. Ba kyauta ba ce. Shi kaɗai ne a garin nan na tabbata ba zai taɓa ba."

Zeliha ta toshe baki da ɗankwali, ba a san ko kuka ba ne ko dariya. Liman ya yi gyaran murya, yana tuna huɗubarsa.

"To, Inna, ni ba zan riƙe miki hannu ba. Amma masu kwanciya a nan suna da dangi, a ji ta bakinsu."

"Uwata ce a nan, da ubana, da yayana!" in ji Bekir daga bakin ƙofa. "Tun watan jiya nake mafarkin Inna tana murmushi, matar da ba ta taɓa yi min murmushi tana raye ba. Yanzu ki ce za ki tone mata tasbihi ki sayar wa Turawa?"

"Kai da ka sayar da amyar ɗan'uwanka kafin ƙasarsa ta bushe?"

"Amya a waje take, Yenge. Ban tona kowa ba."

Hasibe ba mai jin tsoron Bekir ba ce, kuma ba ta taɓa barin abu don mata huɗu na kallo ba. Ta juya musu baya, ta gyara tsayuwa a gefen kabarin Rasim, ta ɗaga fartanya. Sai ta ga inda bakin ƙarfen zai sauka: daidai ƙirji, ɓangaren da yakan dafe idan tari ya taso masa. Ta matsa ƙasa, nan kuma ciki ne. Ta koma wajen ƙafafu, ta tuna ƙafafun, masu sanyi kullum, da safar ulun da ta saƙa masa tana mita. Lokacin dasawa da yatsu ta yi, a hankali, abin bai zo mata a rai ba. Fartanyar ta daɗe a sama.

"Ƙasar ta bushe," in ji ta, ta sauke. "Sai an yi ruwa."

Ƙasar da mata suka yi wata uku suna yi wa ban-ruwa ce.

Ba a yi la'asar ba ɗan kasuwa ya aiko da saƙo ta bakin makiyayi: labari ya riske shi, kuma kayan maƙabarta ba za su hau motarsa ba, hanyar nan duk kwana ce da rami, yana da 'ya'ya ƙanana.

Ta hau dutse karo na ƙarshe, ba tulu, ba igiya, ta miƙe hanya sosai kowa na gani. Lungun yana nan, inuwa da danshi, amma ko ganye ɗaya babu. Ta yi aikinta da kyau. A cikin laka ta ga sawun kofato, da wurin da wani abu mai nauyi ya yi birgima. Ta duba sawun da kyau, ta ce a ranta ɓarawon ya fi yadda ta zata wayo.

Awakin da suka rage sun kai ta ƙarshen zafi. Da ganyen inabi ya fara zuba ta aika wa Nazmi cewa ya zo da mota. Ta kulle gida, ta sake buɗewa ta duba, ta kulle. Zeliha ta miƙo hannu don a bar mata mabuɗi ta riƙa buɗe tagogi, Hasibe ta kama hannun ta girgiza, ta ce a yafi juna.

Yanzu tana Antalya, hawa na huɗu. Matar Nazmi ba ta auna mata gishiri, abin da Hasibe ke ganin akwai dalilinsa, kuma za ta gano shi. Ta gwada dasa albasar da aka sayo mata a kanti cikin gwangwani a baranda, zafin bakin teku ya ruɓar da ita. Ta ce tsohuwa aka sayar musu.

Duk shekara idan ƙanƙara ta fara narkewa, wayar gidan shayi takan yi ƙara, a ce Hasibe ce, a kira Bekir.

"Sun fito?"

"Sun fito, Yenge. Sun haura har kabarin Haji Veli, sun kusa kai bango. Ki zo ki gani mana."

"Ba wanda ya taɓa?"

"Wallahi ko ɗaya. Wa zai taɓa?"

Ana jin ƙarar motocin birni ta bayanta.

"Ba ni makiyayi," in ji ta. "Kai kuma ka fita waje, kada ka ji abin da zan tambaye shi."